Gaya Masa, Duna

Ku da kuka riski Baba Na-Lahadi da tsufansa, kun san shi da hali ɗaya: ba ya yi wa mutum faɗa ido da ido. In yaro ya taka masa shuka, sai ya waiwaya wajen akuyar da ke kusa ya ce, “Ke akuya, gaya wa ɗan gidan Tanko ido a gaba yake, ba a ƙeya ba.” In gishiri ya zarce a miya, kaza ce za ta sha faɗan. Kuna dariya kuna cewa ruɗewar tsufa ce. Wace ruɗewa! Mutumin da har ya mutu yana bambanta irin dawa da shafar hannu? Hali ne, kuma yana da tushe. Ni Kande na san tushen, don a gabana aka shuka shi, kuma duk waɗanda muka gani tare ƙasa ta rufe musu ido. Ku gyara zama.

Sunansa na gaske Tunau. Ƙanin babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Zamanin sarakuna nake gaya muku, tun Nasara bai shigo Kano ba. Yana saurayi ya bi fatake kudu, aka ji shiru, shekara ta bi shekara, har babana ya haƙura ya sa aka dafa giyar makokinsa aka sha. Ni lokacin ina goye. Sai da na zama budurwa ina cin kasuwar Shanono da kitso, wata rana da hantsi sai ga mutum a ƙofar gida da baƙin jaki, ya rame kamar karan bara, yana tambaya ko Barmo na nan.

Barmo shi ne babana. Ya yar da igiyar da yake tufkawa, ya rungume mutumin nan yana kuka a gaban mata, ko kunya babu. Nan take ya ce Inna ta jiƙa dawa a yi giya, ya sa aka kamo bunsuru, ya nufi gindin tsamiya inda mai gida ke zuba wa iskokin gida jini. Sai baƙo ya ɗaga hannu.

“Yaya, kar ka yanka domina. Ni yanzu na Isa Almasihu ne. An tsoma ni a babban kogi, can Lakwaja.”

Babana ya ce, “To madalla. Iskokin gidan nan da yawa suke, ƙarin ɗaya ba zai cika mana gida ba. Shi naka me yake so, farin zakara ko ja?”

“Ba ya son komai. Shi ya riga ya ba da nasa jinin.”

“Kai, wannan mai sauƙin kiwo ne! To amma bunsurun nan na riga na kama shi, in na sake shi na gida za su ce na yi musu rowa.”

Ya yanka abinsa. Washegari muka tashi muka tarar Baba Tunau yana kafa zana, ta ratsa tsakar gida tun daga zaure har bayan rumbuna. Ya kuma rantse bakinsa ba zai ƙara magana da mutumin da hannunsa ke zuba jini ba. “Yaya” ɗin nan da ya faɗa a gindin tsamiya, babana ya yi shekaru yana jiran ya sake jin ta. Ba gona yake nema wajen ƙaninsa ba, ba jaki ba. Ita kaɗai.

Bari in gaya muku inda gizo ya yi saƙar. Can kudu, wanda ya koya masa hanyar wani baƙo ne da Hausarsa ba ta nuna ba. Ya ce masa mai bin Almasihu keɓaɓɓe ne. To mu nan, keɓaɓɓe iri ɗaya muka sani: dabbar da aka keɓe wa iskoki. Turkenta daban, ba ta kiwo da sauran, ba mai taɓa ta. Shi ke nan Baba Tunau ya ɗauka abin da ake nema ke nan. Ba ya karatu, ba malami, wanda ya yarda da abin da ya yarda da shi mafi kusa yana can tafiyar watanni. Abin da ya tuna ya riƙe da haƙori. Inda ya manta kuwa, sai ya toshe gurbin da doka. Haka dokokinsa suka yi ta haihuwa kamar zabi.

Amma fa gandu ɗaya ne, rijiya ɗaya. Yaya za a yi noma ba magana? Sai ya kafa turken jakinsa, Duna, daidai inda zanar ta ƙare. Kan jakin yana ɓangarensa, wutsiyar tana namu.

“Duna, gaya wa mutumin bayan zana, gobe a fara kai taki gonar gawo.”

Babana daga wannan gefen sai ya ce, “Duna, gaya wa mai gidanka na ji. Ka kuma ce masa na gode da ya bar min ɓangaren da amsa ke fitowa.”

“Duna, ce masa tsufa bai hana shi shashanci ba.”

“Ce masa a wajen uwarmu ɗaya muka sha.”

Jaki kuwa yana ta tauna harawarsa. Kun san garinmu, gida manne da gida, gona manne da gona, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Kafin damina ta faɗi har mutanen ƙetaren rafi sun sani. Masu wucewa kasuwa su tsaya a ƙofa su ce, “Duna, a gai da mutanen gida!”

Abin mamaki, Inna ita ke dafa giyar gidan, amma ita dokar ba ta kama ta ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ai ita ba ta yanka. Inna ta ce, “Ƙarya yake, Kande. Ni ke tuƙa tuwo, shi ya sa dokar ta tsallake ni. Doka ma ta san inda miya take.”

Sai maganar Lahadi, wadda ta ba shi sunan da kuka san shi da shi. Ran Lahadi Baba Tunau ba ya ɗaga ko tsinke. Ba ya hura wuta, ba ya cin abin da aka dafa ranar, sai tuwon jiya da sanyinsa, ko ɗumame ba a yi masa. Zai shimfiɗa buzu ya fuskanci kudu, ya yi ta rera wata waƙa da ya zo da ita, rabi Hausa rabi wani yare da shi kansa bai san ma'anarsa ba. In ƙuda ya sauka masa a hanci, sai ya yi ta hura masa iska da baki, wai kora da hannu aiki ne.

To wata shekara ruwa ya yi jinkiri, har tsofaffi sun fara kallon rumbu da tsoro. Da ya tashi zuwa, sai ya sauko ranar Asabar da yamma, ruwan shuka sosai. Gari ya waye Lahadi, kowa ya ɗauki sungumi, har makafi an ja su sun zuba iri. Ƙasarmu kun san ta, jigawa ce, ka yi wasa da laimar yau gobe ta tafi. Baba Tunau yana kan buzu yana waƙa, idonsa na kan gayaunarsa, ƙaramar gonar da ke tasa shi kaɗai. Babana ya gama gandu, bai ce wa kowa komai ba, ya zarce gayaunar ƙaninsa ya shuke ta tas da gero.

Litinin da sassafe muka ji murya.

“Duna! Tambayi mutumin bayan zana, wa ya shiga gonata jiya?”

“Ce masa iska ce.”

“Ce masa iskar nan tana da sawun ƙafa mai tsagaggen dunduniya!”

Ya yi rantsuwa ba zai ci geron Lahadi ba. Gero kuwa ya ƙi jin rantsuwa, ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Inna ta tare shi a bakin rijiya, kun san wasan matar wa da ƙanin miji.

“Tunau, ni fa akwai abin da ke damuna. Geron nan naka na lura ran Lahadi ma girma yake yi. Ba ka hana shi ba?”

Ya tsaya da guga a hannu, ya daɗe yana tunani, don shi ba ya ɗaukar irin wannan magana da wasa. Can ya ce, “Shi ba a tsoma shi a kogi ba.”

Inna ta yi dariya har tulunta ya faɗi. Da kaka ta yi, ya yanke hukunci da kansa: tun da gero bai san doka ba, ba shi da laifi, mai shuka ne ke da laifi. Ya ci furarsa har da suɗe ludayi. Amma godiya? Sai da ya je wajen turke ya ce, “Duna, ce masa layinsa a karkace yake.” Babana ya kwana uku yana murmushi, don ya san abin da aka ce masa.

Akwai kuma wani abu da ya fara da dariya ya ƙare da shiru. Inna ta tace giya, ta zuba dusar a ƙwarya ta ajiye kusa da zana. Duna ya juyo, ya zura kai, ya share ta ƙaf. Kai, jama'a, ku ga jaki ya bugu! Yana kuka ba dalili, yana harbin iska, ya zauna kan gindinsa kamar kare. Babana ya riƙe ciki ya ce, “Yauwa, Duna! Barka da dawowa hanyar kakanni!”

Baba Tunau bai yi dariya ba. Ya ce ɗan saƙo ya ƙazantu, saƙo ba zai bi ta bakin mashayi ba. Ya kwance jakin ya kai shi bayan gida ya ɗaure, wai sai ya tsarkaka. Gidanmu ya yi tsit. Da farko mun ɗauka hutu muka samu. Ina! Da yamma sai ka ga tsofaffin nan biyu, wannan ya jingina da zana ta nan, wancan ta can, bayansu kusan na taɓa juna, ba mai cewa uffan. Babana ya daina cin tuwo sosai. A kwanakin ne na kai masa ruwa ya kama hannuna.

“Kande, na yi makokin yaron nan sau ɗaya, na sha giyarsa na haƙura. Yanzu ga shi da rai ina yin na biyu. Ni ban ce ya sha abin da nake sha ba. Ya ce min Yaya kawai kafin a tura ni rami.”

Na je na gaya wa Baba Tunau, kalma ba ragi. Ya sunkuyar da kai, ya yi ta zane a ƙasa da kara. Ya ce, “Na rantse, Kande. In na karya ɗaya, sauran me zai riƙe su? Su kaɗai na zo da su daga can.” Ranar na gane ba girman kai ne kawai ba. Tsoro ne. Gani yake in ya saki doka ɗaya, Almasihun ma zai zame masa daga hannu, ya wayi gari ba shi da komai. Abin da ya iya yi, da Asabar ta zo ya kai Duna kududdufi ya wanke shi da toka, ya mai da shi turkensa. Aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Haka muka yi ta tafiya har na yi aure a unguwar da ke bayan tamu. Sai shekarar da agana ta shigo, ciwon ƙurajen nan mai kisa. Ku yaran yanzu ba ku san agana ba, ku gode Allah. In ta kama mutum, bukka ake yi masa can bayan gonaki, a riƙa ajiye masa abinci daga nesa. Ta kama babana. Aka kai shi gindin wani gawo, aka yi masa bukkar kara. Ni aka bari ina kai kunu, don ta riga ta yi ni ina ƙarama, ga shaida nan a fuskata, ba kuma na jin kunyarta. Inna ba ta taɓa yi ba, aka hana ta.

Ranar da na fara kai kunun, Baba Tunau ya tare ni a hanya.

“Ina suka kai shi?”

Na ce, “An keɓe shi, Baba.”

Ya maimaita a hankali. “An keɓe shi.”

Ban san abin da kalmar ta yi masa a ciki ba. Na dai ga ya koma gida, ya ɗora wa Duna buzunsa da tukunya da tulu, ya biyo ni. Shi kuwa bai taɓa yin agana ba, fuskarsa sumul. Na ce, “Baba, za ta kama ka.” Ya ce da jakin, “Gaya wa yarinyar nan ta yi gaba.”

Ya ɗaure Duna a jikin gawo, ya sunkuya ya shiga bukka. Abin da na ji daga waje shi ne, “Duna, ce masa ya ɗaga kai in sa masa buzu. Ce masa warin nan ba komai, na ji wanda ya fi shi a jirgin ruwa.”

Ya zauna. Shi ke goge masa jiki, shi ke juya shi, shi ke kore masa ƙuda, kuma da hannu yake korewa. Lahadi ta zo, na iso da hantsi na tarar hayaƙi na tashi. Baba Na-Lahadi ne durƙushe yana hura wuta, idonsa na hawaye, yana dama kunun tsamiya. Na tsaya baki buɗe. Ya ce, “Me kike kallo? Duna, ce mata ta miƙo ludayi.”

Ƙurajen suka cika wa babana baki da maƙogwaro, komai ya ƙi wucewa. Ya ce shi giyar Inna yake marmari, ko kurɓi ɗaya. Na ce zan kawo gobe. Baba Tunau ya ce gobe ta yi nisa. Ya tashi da kansa, ya ratsa gonaki da rana tsaka, ya tsaya nesa da ƙofar gida ya ƙwala wa Inna kira. Mutanen unguwa sun ga abin da ba su taɓa gani ba: Na-Lahadi ɗauke da ƙoƙon giya a hannu biyu, yana tafiya a hankali kar ta zube. Wani ya yi masa ba'a ya ce, “A'a, Tunau, an dawo gida ke nan?” Bai ko waiwaya ba. Ya tallafi kan babana, ya kafa masa ƙoƙon a baki. Shi bai ɗanɗana ba, har ya mutu bai ɗanɗana ba. Amma ya riƙe.

Duk wannan kuwa, maganar ta jaki ce. “Duna, ce masa ya sha a hankali.” “Duna, tambaye shi ina ke masa ciwo.”

Ranar ƙarshe, wajen azahar ne, ina zaune a bakin bukka. Idanun babana sun riga sun rufe da ƙuraje, amma kunnensa garau. Baba Tunau yana shafa masa man shanu a leɓe yana cewa, “Duna, ce masa ya yi haƙuri, zafin zai sauka.”

Sai babana ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, “Tunau.”

Baba Tunau ya ci gaba da shafa man.

“Tunau, jakin nan tun jiya ya tsinke igiya. Na ji tafiyarsa. Da wa kake magana?”

Na leƙa gindin gawo. Ba jaki, sai guntun igiya. Ni ban ma lura ba. Hannun Baba Tunau na kan fuskar ɗan'uwansa. Sannan ya ce,

“Na sani, Yaya.”

Babana ya ce, “Me ka ce? Kunnen nan ya tsufa.”

Ƙarya yake, sarai ya ji. Baba Tunau ya ce, “Na ce na sani, Yaya. Yaya, sha ruwa.”

“To,” in ji babana. Ya sha. Kafin la'asar ya cika.

Baba Tunau ne ya wanke shi, shi ya haƙa ramin, don ba mai yarda ya matso. Agana kuwa ba ta taɓa shi ba, kar ku tambaye ni dalili. Da aka zo makoki ya zauna a tsakiyar masu sha, ƙoƙo na wuce shi yana miƙa wa na gaba. Bai je gindin tsamiya ba, bai bar Lahadinsa ba, waƙar nan tasa ma bai fasa ba. Amma daga shekarar, in ruwan shuka ya faɗo ran Lahadi, tasa gonar ya bari sai Litinin, ya ɗauki sungumi ya tafi gonar gwauruwa ko ta mara lafiya.

Bayan shekaru, da ni ma na karɓi hanyar a hannunsa, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cin raina. Na ce, “Baba, babana bai shiga kogi ba. Yana ina yanzu?”

Ya ce, “Ban sani ba, Kande. Na daina taya Allah aikinsa. Abin da na sani, na yi shekaru kamar mai farar riga da ɗansa ya faɗi a taɓo, ya tsaya yana duban rigar. Wanda nake bi kuwa, da rigarsa ya duba, da bai sauko ba.”

Yanzu ga ɗakin sujada a garinmu, ga masu karatu, abin da Baba ya yi ta marmari bai samu ba sai da idonsa ya dushe. Na gode Allah. Amma ina jin labarin wasunku, wai tun da aka yi musu baftisma ba sa cin tuwon iyayensu, ba sa zuwa gaisuwar mutuwa in akwai tulu a wurin. Ni ban yi karatu ba, ba zan yi muku wa'azi ba. Na dai ga mutumin da ya fi ku duka tsoron Allah, na ga kuma ranar da ya fi kama da Ubangijinsa. Hannunsa duk ruwan ƙuraje ne ranar, yana warin giyar da bai sha ba.

Ya Ubangiji Yesu, ka ba Baba Tunau hutawa. Ya bi ka shi kaɗai a ƙasar da ba wanda ya san sunanka, da ɗan abin da ya tuna, ka karɓi wanda ya yi daidai ka yafe wanda ya ƙara. Babana kuma kai ka san shi, ka fi ni saninsa. Su biyun suna hannunka. In da hali, kar ka nisanta musu wurin zama. Amin.